Cutar da ake ɗaukowa a gadon asibiti

A yi wa mace tiyata a ciro jariri lafiya lau, bayan 'yan kwanaki ɗinki ya fara fitar da mugunya. A yi mata allurar ceftriaxone, shiru. A sauya wata, zazzaɓi na nan daram. Sau da yawa ba da wannan cutar ta zo ba, a asibiti ta same ta, kuma ƙwayar da ta kama ta ta riga ta saba da magani.

Duk inda aka zuba maganin kashe bakteriya, ƙwayoyi masu rauni ne ke fara mutuwa. 'Yan tsirarun da suka jure su ke cin gadon fili, kuma wasu nau'in cikin minti 20 suke rabuwa gida biyu. Abin da ya fi ban tsoro, suna iya miƙa wa wata ƙwaya da ba danginsu ba wannan taurin kai. To ina ya kai asibiti yawan magani da yawan majinyata masu rauni? Ga robar fitsari, ga ta ƙarin ruwa, ga na'urar numfashi, ga jarirai bakwaini. Kowace roba ƙofa ce zuwa cikin jiki.

Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi gargaɗi kan shan maganin da bai kai ƙima ba. A 1961 aka ga MRSA, wata bakteriya da ta saba da magani, a Ingila. A 2008 aka gano wani sinadarin bakteriya mai suna NDM-1 jikin wani majinyaci a Suwidin da ya taɓa kwanciya asibiti a Indiya, shi ne ke karya lagon carbapenem, magungunan da likitoci ke ajiyewa sai ta ɓaci. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya kiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma bisa yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

An saba ɗora laifi kan mai sayen kafso biyu a kemis, da mai kiwon kajin da ke zuba magani a ruwan sha. Da gaskiyarsu. Amma ni a ganina ɗakin majinyatan da famfo ba ya kawo ruwa ya fi su ɓarna, domin a hannun ma'aikaci da na mai jinya ƙwayar ke tashi daga wannan gado zuwa wancan. Gwajin da zai nuna maganin da ya dace kuwa yakan ci kwana 2 zuwa 3, ga kuɗi. Inda babu shi, likita sai dai ya yi lalube da magani mai faɗin duka, ƙwayar kuma ta ƙara koyon darasi.