Ido Kan Riga Hankali a Cikin Taro

Tun bayan turmutsitsin da ya auku a Ibadan da Okija da Abuja cikin Disamba 2024, inda rayuka suka salwanta wajen rabon tallafi, ciki har da yara 35 a Ibadan kaɗai, masu sharhi ba su gushe ba suna ɗora laifin kacokan a kan kwaɗayin talakawa, alhali kuwa duk wanda ya yi tafakkuri a kan yadda Allah Ya haɗa ido da gaɓoɓin ɗan Adam, ba zai gaggauta yanke wannan hukunci ba.

A 1995 Luciano Fadiga da abokan aikinsa na Jami'ar Parma ta Italiya suka nuna cewa mai kallon wani yana miƙa hannu, jijiyoyin nasa hannun sukan ɗaura ɗamara ko da bai motsa ba. A 2004 kuma Beatrice de Gelder ta gwada wa mutane hotunan firgitattu waɗanda aka shafe fuskokinsu, sai sassan ƙwaƙwalwa masu shirya motsi suka farka saboda tsayuwar jikin kawai.

Abin takaicin shi ne, ɗalibanmu sukan ɗauka wannan babi jiya aka buɗe shi, sun manta da Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Shi ne a cikin Kitabul Manazir, bayan ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido, ya rushe ra'ayin magabatan da suka ce daga ido yake fita, ya ƙara da cewa gane surar da aka saba gani yakan tabbata ne ta wani ƙiyasi mai tsananin sauri, wanda mai yinsa ma bai san ya yi ba. An juya littafin zuwa Latin, Turai ta sha daga gare shi ƙarnuka, mu kuwa da wuya ka ji an ambace shi a makarantunmu.

To, idan ganin mutum guda ya zabura ya isa ya ja idanun ɗari, sa'an nan cunkoso ya hana kowa mallakar ƙafarsa, ina amfanin wa'azin haƙuri a bakin ƙofa ɗaya? Wajibi ne hukuma ta hana duk wani rabo sai an ƙayyade adadin mahalarta, an yawaita ƙofofi, an kuma tsayar da masu tsaro natsattsu, waɗanda ba za su ɗaga bulala su ƙara firgita jama'a ba.