An Rage wa Yaya Tumbi: Jinyar da Muka Yi a Kara

A Kara, kamar sauran garuruwanmu na ƙasar Gwarzo da Kabo, idan aka ce mace ta yi ƙiba yabo ake yi, ba jaje ba. Amarya ta yi 'yan watanni a ɗaki ba ta ciko ba, sai dangi su fara tambaya ko mijin ba ya cefane. Akwai ma 'yan matan da ke zuwa kyamis su sayi ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe" don su murje kafin biki, alhali wasu daga cikinsu, irin su dexamethasone, maganin wasu cututtuka ne daban, kumbura jiki suke yi, su bar mutum da hawan jini da ciwon siga. To a irin wannan gari ne yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta tara mu ta ce za ta tafi Masar a rage mata tumbi don ta rame. Gwaggonmu ta ajiye carbinta ta dube ta, ta ce, "Ke 'yar nan, mutane na neman jiki da kuɗinsu, ke kuma za ki biya a raba ki da shi?"

Gwaggo ba ta san abin da muka sani ba. Yaya tana sana'ar atamfa da leshi a Kano, wuni take a zaune. Nauyinta ya kai kilo 120, tsawonta kuwa bai wuce mita 1.6 ba. Ta daɗe tana sallah a kan kujera saboda gwiwoyi. Ciwon siga ya kai ta ga allurar insulin, ga hawan jini, ga wani irin minshari da numfashinta ke ɗaukewa a cikinsa har sai ta farka a firgice. Babu shayin rage ƙiba ko jiƙon da ba a kawo mata ba.

Likitoci suna da ma'aunin da suke kira BMI. Ana ninka tsawon mutum da kansa, sai a raba nauyinsa da abin da aka samu. Na Yaya ya kusa 47. Daga 30 ake cewa ƙiba ta zama ciwo. Tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce a yi wa mutum tiyata idan ma'auninsa ya kai 40, ko 35 idan akwai ciwo irin siga tare da shi. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon siga. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don a gane cewa aikin ba na wadda ke son ta shiga rigar bikin ƙawarta ba ne. Magani ne na ciwo, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yana tare da mutum ɗaya cikin kowane takwas a doron ƙasa.

A gari an yi ta cewa "zuƙe mata kitse za a yi," wasu kuma "hanjinta za a yanke." Ko ɗaya ba haka ba ne. Aikin da aka yi wa Yaya, wanda shi aka fi yi a duniya yanzu, shi ne a yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi, a bar wani siriri mai siffar ayaba. Wanda aka cire ba ya dawowa. Amfaninsa bai tsaya a ƙanƙantar da ma'ajiyar abinci ba, domin a ɓangaren da ake cirewa ne jiki ke samar da mafi yawan sinadarin ghrelin, wanda ke sa a ji yunwa. Akwai wani aikin da ya girme shi, wanda wani likita mai suna Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960: ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji kai tsaye, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Tun cikin shekarun 1990 aka fara yin sa ba tare da an tsaga ciki ba. Yau duka biyun ta 'yan ƙananan huji huɗu ko biyar ake yin su, da kyamara. A hannun ƙwararru haɗarin aikin ya yi kusa da na cire matsarmama. A lura, na ce a hannun ƙwararru.

Shirin ya fi tafiyar daɗewa. An yi mata gwajin jini kala-kala, da na zuciya, an zura kyamara ta maƙogwaro an duba tumbin. Nan aka gano tana da ƙwayar cutar nan mai jawo olsa, wadda ta yi yawa ƙwarai a ƙasarmu, sai da aka kashe ta da magani tukuna. Mai shan taba ko shisha sai ya daina aƙalla mako shida kafin aiki, don hayaƙi na hana ɗinki kamawa. Sannan aka ɗora ta a kan wani abinci na mako biyu: ba tuwo, ba shinkafa, ba mai, ba siga, sai kifi, ƙwai, kindirmo da ganye. Dalilin shi ne hantar mai ƙiba takan cika da kitse ta kwanto a kan tumbi, sai ta motse likita ke samun wurin aiki.

Amma shirin da ya fi yi mana rana, wata ma'aikaciyar jinya 'yar uwar mijinta ce ta matsa mana a kansa. Ta ce, "Hajiya, kada ki hau jirgi sai kin samu likita a nan Kano da ya yarda zai riƙa duba ki in kin dawo." Mutanenmu kan tafi Alƙahira, ko Indiya, ko Turkiyya, wasu kuma asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, su kashe miliyoyi, su dawo ba su da ko takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi musu. Ranar da ciki ya murɗa cikin dare, likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, na gida kuma bai san abin da zai tarar a ciki ba. Mun karɓo rahoton aikin a rubuce, muka yi masa kwafi, ɗaya na jakarta, ɗaya na wurina.

Aikin kansa ba shi da dogon labari. Bai kai awa biyu ba. Ran nan da yamma aka tashe ta aka ce ta taka, tana ƙorafi, domin kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma zai iya tafiya huhu. Saboda wannan tsoron ne ba su bar mu mun hau jirgi nan da nan ba.

Ta zaɓi ta yi jinya a Kara wurin Inna, ba a gidanta na birni ba. A nan ne na ga inda ƙarfin likita ya ƙare.

Mako biyun farko ruwa-ruwa kawai aka yarda ta sha: romon kaza da aka tace aka kwashe mai, madara marar siga, kindirmo da aka tsinka. Daga nan aka koma abin da aka dama ya yi laushi, sai mai taushi, ba ta kai ga abinci sosai ba sai wajen mako na shida zuwa na takwas. Takardar da aka ba mu cike take da abincin da ba a sayarwa ko a kasuwar Getso, sai da muka zauna da mai ba da shawarar abinci a Kano ta mayar mana da ita abincin gida. Abin da jiki ke nema a lokacin shi ne abinci mai gina jiki, aƙalla giram 60 na furotin a rana, in ba haka ba tsoka ce za ta zube tare da kitsen. Ashe muna da shi a ƙofar gida: awarar da ba a soya ba, alale, ƙwai, wake da aka dafa ya narke, kindirmo, kifin da ake kawowa daga dam ɗin Challawa na Ƙaraye. Ƙa'idar ita ce a fara da waɗannan, sai ganye, in da sauran wuri a ɗanɗana tuwo. Mu kuwa tun tashinmu tuwo ne abinci, sauran duk rakiya ne.

Ruwa ya fi abinci ba mu wahala. Ana so ta sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, amma kurɓa-kurɓa, domin sabon tumbin ba ya ɗaukar fiye da rabin kofin shayi a lokaci guda. Ba a kuma haɗa ci da sha, sai an ba da tazarar kamar rabin awa. Wanda ya san zafin bazara a ƙasar Kano, inda ma'auni kan haura 40, ya san abin da ake nufi da a ce wa mai ƙishi kada ya ɗaga kofi ya shanye. Bushewar jiki na cikin manyan dalilan da ke mayar da masu wannan aiki gadon asibiti. Ni da zan ba da shawara, a sa ranar aiki cikin hunturu.

Sai 'yan dubiya. Kowa ya zo da ƙwaryar fura, ko lemon kwalba, ko soyayyen nama, kuma a al'adarmu ƙin cin abin da aka kawo maka raini ne. Inna kuwa ba ta iya ganin 'yarta ta ci cokali uku ta ture kwano. "Daure ki ƙara loma ɗaya, uwata, wannan ai ko ɗan yaye ya fi ki ci." Rannan Yaya ta ji kunyar wata surukarta ta kurɓi fura mai siga da yawa. Ba a jima ba gumi ya karyo mata, zuciya na bugawa, jiri, ciki na juyawa. Haka ke faruwa idan zaƙi ya zarce hanji da sauri, ya fi yawa ga masu aiki irin na Mason, amma masu irin nata ma suna gamuwa da shi. Tun daga ranar Inna da kanta ta zama mai gadi. Duk wanda ya shigo da kwano sai ta tare shi a tsakar gida ta ce, "An gode, Allah ya saka da alheri, likita ya hana, yara za su ci albarkacinta." Maganar Inna ta fi takardar likita aiki, don ita ba mai yi mata musu. Shi ya sa nake ganin duk wanda za a yi wa wannan aiki ya kamata ya tafi da babbar gidansu wurin likita tun kafin a yi, ta ji da kunnenta.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu. Idan zuciya na bugawa fiye da sau 120 a minti ba ta sauka, ko zazzaɓi, ko ciwo mai tsanani a ciki ko a kafaɗar hagu, ko numfashi na sarƙewa, to mai yiwuwa ɗinkin na yoyo ne ko jini ya daskare. A nan matsalarmu ita ce kowane zazzaɓi sunansa maleriya ko taifot, sai a aika yaro kyamis. Babban Asibitin Gwarzo na kusa don taimakon farko da ƙarin ruwa, amma irin wannan matsala ta manyan asibitoci ce irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, don haka mun ajiye direba da mota cike da mai, ko da za a kama hanyar Rimin Gado cikin dare. Amai da ya ƙi tsayawa shi ma ba abin wasa ba ne, yana ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni, rashinsa kuma na taɓa ƙwaƙwalwa.

Kyamis na da wani tarkon. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake zubawa cikin kowane "haɗi", suna iya huda sabon tumbi da olsa. Paracetamol aka yarje mata. Maganin siga da na hawan jini kuwa dole likita ya sake musu lissafi tun a makon farko, domin siga kan sauka tun kafin nauyi ya sauka, wanda ya ci gaba da tsohuwar allurarsa zai iya suma.

Wajen wata na uku gashinta ya fara zuba a mataji, fatar damtse ta saki, ƙasusuwan wuya suka fito. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka rage murya suka ce ko ciwon zamani ne. Wannan ya fi ɗinkin yi mata zafi, ta yi kuka a kansa. Gashin dai ya dawo bayan wasu watanni, kamar yadda aka gaya mana. Azumin shekarar farko ba ta yi shi ba, bisa shawarar likita da fatawar malaminmu, ta rama daga baya da jiki ya zauna. Ga masu sauran haihuwa kuma, ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma a sani cewa haihuwar da ƙiba ta tsayar takan buɗe ba zato, don haka wannan magana ce da za a yi da maigida tun da wuri.

Yawanci masu irin aikinta kan zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsu cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Yaya ta sauko wajen kilo 86. Ta daina insulin, tana kai goshinta ƙasa a sallah, tana zaga kasuwar Kantin Kwari da ƙafarta. Sai dai ta samu ƙwannafin da ba ta da shi a da, wanda sananne ne ga wannan aiki, ramewa da sauri kuma na iya tara tsakuwa a matsarmama, ana sa ido a kai. Da ta yi jira, watakila da an fara gwada mata alluran nan na semaglutide, irin Ozempic da Wegovy, amma su ma tsada gare su, kuma da an daina nauyi kan dawo.

Tumbin da aka rage yana ɗan buɗewa da shekaru, kuma ba ya tare abin sha. Shayi mai siga, fura da lemo wucewa suke salin-alin, ta nan ne ƙiba ke komawa jikin mutane da yawa a shekara ta biyu ko ta uku. Ƙwayoyin bitamin, da na ƙarin jini, da kalsiyam, da B12 kuwa na har abada ne, tare da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Yanzu faɗan da nake yi da ita ke nan. Da ta ji garau sai ta fara tsallake ƙwayoyin tana cewa ta warke, gwajin da aka yi mata na baya kuma ya nuna jininta ya yi ƙasa, har likita ya ƙara mata maganin ƙarin jini ya ce ta dawo bayan wata uku.