Rododendiron, Itacen Duwatsun Bahar Aswad

A arewacin ƙasar Turkiyya akwai wani dogon jerin duwatsu da ya bi gaɓar Bahar Aswad. Iskar da ke tasowa daga bahar ɗauke da laima, in ta bugi duwatsun nan sai ta zubar da ruwanta. Garin Rize da ke gindinsu ya kan sami ruwan sama wajen inci 90 a shekara, watau fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, ga kuma hazo ba rani ba damina. To, nan ne gidan itacen da mu ke so mu ba masu karatu labarinsa.

Sunansa rododendiron, kalmar Yunananci ce, ma'anarta itacen wardi. Iri-irinsa sun kai wajen 1,000 a duniya, amma wanda mu ke magana a kansa shi ne wanda masani Linnaeus ya laƙaba wa sunan Pontus a 1762, gama haka mutanen dā ke kiran wannan gaɓa. Ba dogon itace ba ne, galibi ba ya wuce ƙafa 15. Ganyensa mai kauri ne kamar fata, ba ya kaɗewa duk shekara, furensa kuwa shunayya ne, ya kan buɗe a watan Mayu da Yuni.

Abu uku ya ke bukata: laima, da inuwa, da ƙasa mai tsami. Saiwoyinsa sirara ne ƙwarai, ba su nutsawa can ƙasa, sabo da haka fari kaɗan ya ishe shi wahala. Irin wannan ƙasa mai tsami ba ta da abinci sosai, amma akwai wata funfuna mai kamar zare da ke zaune cikin saiwoyin, tana ciro masa abinci daga ruɓaɓɓen ganye, shi kuma yana ba ta zaƙin da ganyensa ya sarrafa. Da wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya ke hawa dutse tun daga bakin ruwa har wajen ƙafa 6,000, a ƙarƙashin manyan itatuwan katako. Duk reshen da ya kwanta ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa, har kurmi ya sarƙe, mutum ba ya iya ratsawa. Ma'aikatan daji na Turkiyya su kan yi kuka da shi, don inuwarsa na hana 'ya'yan manyan itatuwan tashi.

Dafi ne makaminsa. Tumaki da awaki in sun ci ganyen sai su kwanta, waɗansu su mutu. Dafin nan yana cikin ruwan furen ma, ƙudan zuma su kwashe shi zuwa amya. Turkawa na kiran zuman da ya fito daga nan deli bal, watau mahaukacin zuma, har yanzu kuma ana sayar da shi da tsada da sunan magani. Wanda ya zarce cokali kaɗan sai jiri ya ɗebe shi, ya yi amai, bugun zuciyarsa ya ragu. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani jarumin Yunanawa mai suna Zenofon ya rubuta yadda rundunarsu ta sha zuman a kusa da Tirabzon, mayaƙa suka zube kamar an ci su da yaƙi, ba su miƙe sosai ba sai bayan kwana uku ko huɗu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne labarin danginsa na yamma. A kudancin Sifen, cikin dajin Alkornokales, da waɗansu duwatsun Fotugal, akwai ragowar itacen nan a maƙale cikin kwazazzabai masu ruwa. Can kam yana fama ne kawai. Yana fure, yana zuba iri, amma zafin bazara da rashin ruwa su kan kashe tsiron tun bai yi ƙarfi ba, har hukuma ta sa shi cikin itatuwan da a ke tsarewa.

Sa'an nan a 1763 aka kai shi Ingila don ƙawata lambuna, daga baya masu gandaye suka yi ta dasa shi don tsuntsayen farauta su sami maɓoya. Binciken da aka buga a shekarar 2000 ya nuna yawancin na Ingila daga zuriyar Sifen ɗin nan su ke. Da ya iske ruwa ba yankewa da ƙasa mai tsami, sai ya bazu. Babban gindi ɗaya na iya zuba iri wajen miliyan a shekara, ƙanana kamar ƙura, iska na ɗauke su. Yau ya cinye dazuzzuka a yammacin Sikotilan, da Wales, da Killarney ta ƙasar Ayalan, ba abin da ke tsira a ƙarƙashinsa. In an sare shi kututturen ya kan sake toho, sai an huda shi an ɗura magani, a kuma yi shekaru ana komawa ana tuge 'yan tsiron da hannu.