Lambar Matajin Kilifa: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta a Shagon Aski

Akwai maganganun da ake ta maimaitawa a shagon aski har an daina tambayar inda suka samo asali. Da yawa daga cikinsu a kan ɗan matajin robar nan suke, wanda ake maƙala wa bakin kilifa idan za a yi saisaye ko a rage gemu.

Wadda ta fi yawo ita ce wai babbar lamba ta fi cin gashi. Ba haka ba ne. Lambar tana faɗin tsawon gashin da zai rage a kai bayan an gama. A tsarin kamfanin Wahl na Amurka, wanda masu ƙera kilifa da yawa suka kwaikwaya, kowace lamba ɗaya bisa takwas ce na inci. Lamba 1 tana barin milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 wajen milimita 10, lamba 4 milimita 13, har zuwa lamba 8 mai barin inci guda, wato milimita 25. Ban da waɗannan akwai rabi, mai milimita 1.5, da ɗaya da rabi, mai 4.5. Su ne masu aski ke amfani da su wajen sajewa daga ƙeya zuwa sama don kada layi ya fito. Abin da ake kira sifili kuwa, a yawancin shaguna bakin kilifar ne tsirara, ba mataji.

Ta biyu ta fi ɓarna, domin kusan gaskiya ce: wai ma'anar lamba iri ɗaya ce ko'ina. Ƙananan injinan gyaran gemu na gida, irin na Philips, da milimita suke rubuta nasu. Mutum ya saba cewa "Maigida, sa mini uku" a shago, yana samun milimita 10. Ya sayi nasa injin, ya murɗa zuwa 3, ya bi gemu da shi. Milimita 7 ke nan sun tafi a shafa ɗaya. Gashi kuma kimanin santimita guda yake yi a wata, don haka sai ya jira kusan mako uku kafin ya koma yadda yake. Ko a cikin manyan kilifofin ma akwai saɓani: bakin ƙarfe na kamfanin Oster mai lamba 1 milimita 2.4 yake bari. Ga kuma ɗan hannun da ke gefen kilifa, wanda idan aka buɗe shi yakan ƙara kusan rabin lamba. Abin da ya fi tabbas shi ne a juya matajin a karanta milimitar da aka rubuta a jikinsa.

Ko da inji ɗaya da mataji ɗaya, kai biyu ba sa fitowa iri ɗaya. Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne, yana kwanciya. Idan aka bi shi ta inda ya kwanta, matajin yana wucewa ta kan wani ba tare da ya ɗaga shi ba, sai ya rage da tsawo. Idan aka tunkare shi ta gaba, ya fi cinyewa. Shi ya sa gwanin aski ke taje kai tukuna. Gemu ma haka: na ƙarƙashin haɓa ba ya fuskantar inda na kunci ke fuskanta. Wanda ke shakka ya fara da babbar lamba ya sauko, tunda abin da aka rage ana iya ƙara rage shi.

Samari kuma sun riƙe cewa yawan kwashe gemu da sifili ko aska yana sa ya fito da kauri da sauri. Tun 1928 wata masaniyar jikin ɗan Adam a Amurka, Mildred Trotter, ta auna wannan ta ga aski bai canza kauri ko launi ko saurin fitowar gashi ba. Gashin da aka yanke bakinsa ne ya zama dakusasshe, sai a ji shi da kaushi. Saurayi ɗan shekara 18 kuwa gemunsa zai cika ko ya aske ko bai aske ba, amma askin ne ke karɓar yabo.

Maganar cewa aski tal-kwabo na kawo ƙuraje, wannan akwai gaskiya a ciki. Murɗaɗɗen gashi idan aka yanke shi dab da fata, yakan lanƙwasa ya soki fatar yayin da yake fitowa, wurin ya kumbura, musamman a wuya. Likitocin fata kan shawarci mai wannan matsala ya bar aƙalla milimita 1, kuma nan ne matajin rabi ko na lamba 1 ke da amfani.

Sai dai kada a ɗauka mataji ya raba mutum da cuta. Yana rage haɗuwar ƙarfe da fata, amma ana cire shi lokacin gyaran fuska da fidda layin goshi, inda aka fi samun ƙwarzane. Makero da ciwon hanta nau'in B suna iya bin kayan askin da ba a tsabtace ba, kuma shi kansa matajin, da yake roba ne ba a gasa shi da wuta, sau da yawa hure shi kawai ake yi a maida shi aljihun tebur.