Baitulmali Da Rigimar Kasafin Kuɗi

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa, ya saurari hirar mutane a tasha ko a ƙofar gida bayan la'asar, ba zai daɗe ba sai ya ji ana zargin 'yan majalisa a kan kuɗin gwamnati. Wani ya ce sun riƙe kasafi sun hana aiki, wani ya ce aljihunsu kaɗai suka sani. Baƙo yana iya zaton gunaguni ne irin na ko'ina. Amma in ya kasa kunne sosai zai ji wata kalma tana yawan fitowa, ita ce Baitulmali. Kalmar Larabci ce, ma'anarta ɗakin dukiya. In Bahaushe ya ce an ci Baitulmali, laifin da yake nufi ya fi sata nauyi, don cin amana ne. Wanda yake son ya gane dalilin wannan, sai ya fara da birnin Madina, inda abin ya samo asali.

Yadda aka yi a Madina

A zamanin Halifa Abubakar, watau daga 632 zuwa 634, dukiyar da ke shigowa Madina ba ta da yawa. Da ta zo sai ya raba ta daidai wa daida, ba ya ajiye kome. Masu tarihi sun ce da ya rasu aka buɗe ɗakin ajiya, aka tarar kusan ba abin da ya rage a ciki.

Da Sayyadina Umaru ya hau, daga 634 zuwa 644, sai al'amari ya sake. Aka ci Sham da Iraƙi da Masar, dukiya ta yi ta kwararowa. An ruwaito cewa Abu Huraira ya zo daga Baharain da dirhami 500,000, Umaru ya ji adadin ya ɗauka gajiyar tafiya ce ta sa shi kuskure, ya ce ya je ya kwanta ya komo da safe. Da safe adadin bai canja ba. To, kuɗi irin wannan ba ya rabuwa da hannu. Saboda haka aka buɗe wani babban littafi da ake kira Diwani, aka rubuta sunayen mutane kabila kabila, aka yanka wa kowa abin da zai karɓa a shekara. Waɗanda suka halarci yaƙin Badar aka ba su dirhami 5,000 kowane, na bayansu kuma aka bi da su daki daki.

A nan ne aka yi wata gardama wadda ta yi kama da ta majalisun yanzu. Da aka ci ƙasar Iraƙi, waɗansu manyan Sahabbai, cikinsu har da Bilal da Abdurrahman ɗan Aufu, suka nemi a raba gonakinta ga mayaƙa kamar sauran ganima. Umaru ya ƙi. Hujjarsa ita ce in an raba yau, waɗanda za a haifa gobe ba za su tarar da kome ba, kuma ba za a sami abin biyan masu tsaron iyaka ba. Usmanu da Aliyu da Ɗalha suka goyi bayansa. Aka kwana biyu ko uku kowa ya kafe a kan ra'ayinsa. Daga nan Umaru ya kira dattawa 10 daga mutanen Madina, 5 daga Ausu, 5 daga Hazraju, ya shimfiɗa musu hujjojinsa, suka yarda. Aka bar gonaki a hannun masu su, aka aza musu kuɗin ƙasa wanda zai riƙa shiga Baitulmali kowace shekara. Sunan wannan kuɗi da Larabci shi ne ya zama haraji a bakin Hausawa. Alƙali Abu Yusufu ya kawo labarin a littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu a kan haraji.

Akwai kuma wani labari da malamai ke yawan bayarwa a wurin wa'azi. An kawo tufafi daga Yaman aka raba wa kowa ƙyalle ɗaya. Umaru dogon mutum ne, sai ga shi a kan mumbari da rigar da ƙyalle ɗaya ba zai ishe ta ba. Wani ya miƙe a cikin jama'a ya ce ba za a saurare shi ba sai ya faɗi inda ya sami ƙari. Umaru bai yi fushi ba. Ya kira ɗansa Abdullahi, shi kuwa ya shaida cewa nasa rabon ne ya ba mahaifinsa.

A zamanin Sayyadina Usmanu, daga 644 zuwa 656, maganar kuɗi ta fi haka zafi. Waɗansu suka yi ƙorafi cewa ana fifita dangin Halifa wajen muƙami da kyauta. Masu kare shi suka ce attajiri ne tun fil azal, daga dukiyarsa yake bayarwa. A 656 ƙungiyoyi suka taso daga Masar da Kufa da Basra suka zo Madina da koke-kokensu, abin ya rikiɗe ya zama fitina, har aka kashe Halifa a gidansa. Musulmi suna tuna wannan da baƙin ciki. Darasin da ake ɗauka daga waɗannan labaru duka shi ne, dukiyar Baitulmali ta jama'a ce, mai mulki ajiya aka ba shi, kuma talaka yana da ikon ya tambaye shi.

Yadda kalmar ta zauna a ƙasar Hausa

Wannan ra'ayi ya iso ƙasar Hausa tare da littattafan malamai. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, jagoran jihadin 1804, ya zargi sarakunan Hausa da su a littafinsa Kitabul Farƙi, har da aza wa mutane kuɗaɗen da shari'a ba ta aza ba, kamar jangali, watau kuɗin shanu. Bayan zuwan Turawa, wajen 1910, wani Razdan mai suna Palmer ya fara kafa Baitulmalin En'e a Katsina, sa'an nan sauran lardunan Arewa suka ɗauka. Da fari rabin harajin da aka tara yakan zauna a En'e, rabi ya tafi ga gwamnati. Aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, Ma'aji yana riƙe da littattafai, kowace shekara a rubuta ƙiyasin abin da zai shigo da abin da zai fita. Amma talaka mai biyan harajin ba a shawartarsa. Wannan yana cikin abin da ya sa a watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e. Fatan mutane a lokacin shi ne, in an sami wakilan da jama'a suka zaɓa, su ne za su tsare musu ƙofar Baitulmali.

Tsarin yanzu

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wakilai wannan aiki. Majalisar Tarayya ɗaki biyu ce: Majalisar Dattawa mai mutum 109, da Majalisar Wakilai mai mutum 360. Shugaban ƙasa ne ke kawo ƙiyasin shekara, shi ne ake kira kasafin kuɗi, daga kalmar kasafta, watau a raba kashi kashi. Majalisa ta duba ta amince, shugaba ya sa hannu, sa'an nan ya zama doka. Ba a fitar da ko kwabo sai da wannan doka. In shekara ta shiga ba a gama ba, an yarda shugaba ya ci gaba da kashewa gwargwadon na bara har wata 6. Don haka ofisoshi ba su rufewa kamar yadda aka yi a Amurka, inda wani sashe na gwamnati ya tsaya cik har kwana 35 daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019. A Nijeriya sababbin ayyuka ne ke tsayawa: hanya, da asibiti, da madatsar ruwa.

Abin da ya faru a 2016

Ran 22 ga Disamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya kai wa majalisa kasafin naira tiriliyan 6.08. Tiriliyan ɗaya kuwa miliyan ce sau miliyan. Dama akwai tsama tsakanin fadar shugaba da majalisa, don Bukola Saraki da Yakubu Dogara sun sami shugabancin ɗakunan biyu ba da son jam'iyyarsu ba. A watan Janairu aka wayi gari ana cewa takardar kasafi ta ɓace a Majalisar Dattawa, daga baya aka ce iri biyu ce ke yawo. A Fabrairu ministan lafiya, Isaac Adewole, ya tsaya gaban kwamiti ya ce abin da ke rubuce a ƙarƙashin ma'aikatarsa ba shi ne ya aika ba, ya ɗora laifin a kan ɓeraye. Aka sauke shugaban ofishin kasafi. Majalisa ta amince da naira tiriliyan 6.06 ran 23 ga Maris, amma shugaba ya ƙi sa hannu sai ya ga bayanin kowane aiki dalla dalla. Sai ran 6 ga Mayu ya sa hannu.

Jinkirin wata huɗu ba ƙaramin abu ba ne a Arewa. Aikin hanya da gini da rani ake yinsu. In kasafi bai fito ba sai Mayu, kafin a ba da kwangila damina ta sauka, aiki sai wata shekara. Ga shi kuma a wannan shekara farashin gangar mai ya faɗi ƙasa da dala 30 a Janairu, darajar naira ta karye a Yuni, hauhawar farashi ta wuce kashi 18 cikin 100 kafin ƙarshen shekara, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi. Mutumin da ke auna hatsi da rabin kwano yana jin manya suna jayayya a kan tiriliyoyi, dole ransa ya ɓaci.

Ba a gama da wannan ba sai wata ta ɓullo. A watan Yuli Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji a jihar Kano, ya bar shugabancin kwamitin kasafi na Majalisar Wakilai, sa'an nan ya fito ya zargi shugaban majalisar da waɗansu manya uku da neman keɓe wa kansu naira biliyan 40 daga cikin biliyan 100 na ayyukan mazaɓu. Suka musa, suka ce shi ne mai laifin. Ran 28 ga Satumba aka dakatar da shi na kwanakin zama 180, ko da yake a 2018 kotu ta ce dakatarwar ba ta bisa doka. Daga wannan rigima ce kalmomi biyu suka cika gidajen rediyo, cushe da aringizo. Cushe shi ne tura abu inda ba wurinsa ba, aringizo kuwa ƙari ne a kan adadin gaskiya.

A 2018 aka sake kwatawa. An kai kasafi ran 7 ga Nuwamba 2017, ba a sa hannu ba sai ran 20 ga Yuni 2018, bayan ya tashi daga tiriliyan 8.6 zuwa 9.12. Shugaba ya yi kuka cewa an rage naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700, an shigo da waɗansu 6,403 da bai kawo ba. A watan Maris na wannan shekara Sanata Shehu Sani na Kaduna ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata na tafiyar da ofis, ban da albashi. Mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a lokacin naira 18,000 ne, watau kuɗin ofishin sanata ɗaya ya kai albashin ƙananan ma'aikata 750.

Hujjar kowane ɓangare

'Yan majalisa suna da abin faɗa. Sun ce ba a zaɓe su don su buga hatimi kawai ba, su ne suka san ƙauyen da ba rijiya, kuma sau da yawa ma'aikatu kan kawo kasafi a makare, cike da kurakurai. Sun ce kuma jama'ar da ke zarginsu su ne ke cika ƙofar gidansu da asuba, wannan da takardar magani, wancan da hidimar suna ko biki. Akwai gaskiya a ciki. Hausawa na cewa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma masu zargi sukan amsa da wani karin maganar, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka biya don ya tsare ajiya, shi za a fara tambaya in ta ragu.

Abin lura shi ne, jituwa ma ba ta kashe ƙorafin ba. Majalisar da ta hau a 2019, ƙarƙashin Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila, ta gama kasafin 2020 da wuri, aka sa hannu ran 17 ga Disamba 2019. Sai mutane suka laƙaba mata suna 'yan amshin Shata. Alhaji Mamman Shata mawaƙi ne da ya rasu a 1999, 'yan amshinsa kuwa aikinsu su maimaita amshi duk inda ya kai baiti. Wannan ya nuna abin da talaka ke nema a wurin wakilinsa abu biyu ne a haɗe: ya bincika da gaske, kuma ya gama kafin damina. A Madina gardamar gonakin Iraƙi kwana uku ta ɗauka, aka yi ta a gaban dattawa, kowa ya ji hujjar kowa. Da wannan ma'auni ne mai sauraron rediyo a Kano ko Zariya yake auna majalisarsa, ko da bai taɓa ganin takardar kasafi da idonsa ba.