Yadda Ake Yin Gwanjon Motocin Sufuri na Gwamnati da Suka Tsufa

Duk wanda ya saba shiga sakatariyoyin ƙananan hukumomi ya san yadda ake jingine tsohuwar bas a kan duwatsu, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Muna so jama'ar ƙaramar hukumar Buji da ma'aikatanta su fahimci cewa irin wannan mota, ko da ta daina tashi, dukiyar al'umma ce, domin da kuɗinsu aka saye ta.

Tun daga 1988, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a, jihohi da ƙananan hukumomi suke sayen bas-bas don sauƙaƙa zirga-zirga, aka kuma ƙara sayen wasu bayan janye tallafin man fetur a 2023. Kowace mota tana da iyakar ƙarfinta. Idan kuɗin gyaranta ya zarce abin da take samarwa, ajiye ta asara ce: ruwan damina zai cinye ƙarfenta, ɓata-gari kuma su kwance batir da giya da gilashi ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari sai ƙwarangwal.

Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta Tarayya ta 2007 ta tanadi cewa a tantance darajar kadarar gwamnati kafin a sayar, a kuma sayar ta hanyar gasa a fili. A kan wannan turba ake bin matakai kamar haka. Da farko hukumar da ta mallaki motar za ta kafa kwamitin tantancewa, tare da injiniya da jami'in duba lafiyar motoci. Su za su rubuta lambar inji da ta shasi, su tabbatar motar ba ta gyaruwa, su yanke farashin da ba za a sauko ƙasa da shi ba. Bayan samun amincewa a rubuce, sai a sanar da rana da wuri ta rediyo da allon sanarwa, yadda mutumin Kukuma ko Ahoto zai ji kamar yadda na Gantsa ko Dutse ya ji. Dillali mai lasisi ne ke kaɗa ƙararrawa, wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Kuɗin kuwa asusun gwamnati ake zuba su, a karɓi rasit, a cire lambar gwamnati, a soke sunan motar daga rijistar kadarori.

Muna jan hankalin masu saye cewa motar da aka yanke wa hukuncin ba ta hawa titi, ta 'yan gwangwan ce. Wanda ya yi mata fenti ya koma ɗaukar fasinja ranar kasuwa, da rayukan mutane yake wasa. Haka nan tsohon batir yana ɗauke da gubar dalma, don haka kada a fasa shi ko a zubar da baƙin mai kusa da rijiya ko inda yara ke wasa.

Daga ƙarshe, muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da kansiloli da su riƙa halartar gwanjo. Idan aka ga motar gwamnati ta bar haraba ba tare da sanarwa ba, a kai rahoto ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙananan Hukumomi da ke Dutse.