Doguwar Naƙuda Ba ta Jiran Haƙuri

Haihuwar ɗan Adam ta fi ta yawancin dabbobi wuya. Akuya kan sauka ita kaɗai cikin ɗan lokaci, amma mace mai haihuwar fari kan wuni ko ta kwana a kan gwiwa. Masana kimiyya sun danganta hakan da abu biyu: tafiya da ƙafa biyu na buƙatar ƙugu matsattse, shi kuwa jariri kansa babba ne saboda girman ƙwaƙwalwa, har sai ya juya a cikin hanya kafin ya fito. Wani masani ɗan Amurka, Sherwood Washburn, ya yi fice da wannan bayani a 1960.

Addini kuwa ta wata fuska ya dubi lamarin. Babi na 3 na Littafin Farawa ya ɗauki zafin haihuwa a matsayin hukuncin da ya hau kan Hauwa'u. Alƙur'ani bai ɗora mata laifin ita kaɗai ba. Ya ambaci wahalar ciki da haihuwa a surorin Luƙman da Ahƙaf ne don nuna girman haƙƙin uwa, ya kuma kawo naƙudar Nana Maryam a gindin dabino. Hadisi ya sa wadda ta rasu wajen haihuwa cikin shahidai. Babu nassi ko ɗaya da ya ce a zura wa mai naƙuda ido, hasali ma Annabi (SAW) umarni ya yi da neman magani.

Amma abin takaici, a gidaje da yawa an mayar da haƙuri mafakar sakaci. Mace za ta kwana biyu tana murƙususu a ɗaka, ana ta ɗura mata rubutu da jiƙe-jiƙen maganin zaƙi, tsofaffi na cewa ai ko su haka suka sha. Idan haihuwar fari ce, kunya ma ba ta barin ta ta faɗi cewa ciwon ya fara. Maigida ya yi tafiya, kuma wai babu mai fita da ita sai da izininsa. In abin ya ƙi, a kira ungozoma ta yi yankan gishiri da reza, ko a nemo mai kemis ya yi allurar ƙara naƙuda, wadda kan fasa mahaifa idan hanya a toshe take.

Abin da ke faruwa a cikin jiki a wannan lokaci ba ɓoyayye ba ne. Kan jariri na danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, uwar kuma ta koma ana ƙyamarta, wani lokaci har da saki. Cibiyar Babbar Ruga a Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana aiki, da ta Danja kusa da Maraɗi, irin waɗannan mata suke ɗinkewa. Haɗarin ya fi yawa ga yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba da wadda rashin abinci ya tsumburar.

Naƙudar da ta kai sa'a 12 babu ci gaba ta wuce aikin gida. Haka ma zubar jini, jijjiga, ko fitowar hannu ko cibiya kafin kai. A awo ake gane kwanciyar jariri da hawan jini, don haka wajibi ne maigida ya ba da izinin zuwa asibiti tun ciki na ƙarami, ya ajiye kuɗin mota, ya tanadi mai ba da jini. Idan likita ya ce sai an yi aiki, a sa hannu nan take, ba a tsaya kiran dangi ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.